Ƙarfen Jan Igiya

Yaya Sani,

Salamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ruwan Yawuri? Ya kafaɗar taka?

Ran Lahadi wani ɗan China da nake sayen kaya a wurinsa ya ɗauke ni a ƙaramin jirgin ruwansa mai tafiya da iska, kusa da wani wuri da ake kira Huangpu a nan China. Da ya ce in ja igiya, sai na tofa yawu a hannu na damƙe ta, yadda Baba ya koya mana. Ta zame ta sale min tafin hannu. Shi kuwa ya naɗa ta sau uku a wani ƙarfe mai kamar gwangwani, ya murɗa da hannu ɗaya, shi ke nan. Tsagaggen tafin Baba na tuna, Allah ya jiƙansa.

Na saya maka irin ƙarfen nan, ƙarami, daidai kwalekwalenmu. Kada ka ce ragwanci ne, ba na so hannunka ya ƙare kamar nasa.

A gaida Inna, a sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Bala