Jikana yana gasa mutane cikin rana

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara. Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye wajen Bouza, jikata ke rubuta abin da nike faɗi.

Ina ƙarama, zamanin aikin tilas na Nasara, 'yan gardi, dogarawan Nasara, sunka tafi da babana da wasu mazan garinmu fasa dutsen hanya wajen Keita, tsakiyar bazara. Wanda anka ɗora bisa kansu ba Nasara ba ne, ɗan garinmu ne, amma shi ya hana su shiga inuwa. Ran nan babana ya roƙa a bar shi ya sha ruwa, mutumin ya ce sai an ƙare. Da ni da innata munka iso da fura, munka tarar an rufe babana da buhu, sauran suna ci gaba da aiki kusa da gawar. Har mutumin nan ya mutu ban gaishe shi ba.

To, yanzu jikana, wanda na goya bayan rasuwar uwarsa, ya samu kwangilar gini a Madawa. Shi ke ciyar da ni, shi ya kai ni Makka. Ashe leburorinsa rana tsaka suke kwaɓa siminti, babu rumfa, bidon ɗaya, wato jarka, na ruwa su duka, shi kuwa yana cikin mota da sanyinsa. Wani maƙwabcinmu da ke cikin leburorin, magidanci mai 'ya'ya, ya faɗi yana amai, yanzu yana kwance likita, an ce ƙodarsa ta taɓu. Jikana ko dubiya bai je ba, wai rago ne.

Na kira shi na yi mai faɗa, sai ya yi dariya ya ce, "Kaka, su ai biyansu nike yi." Wallahi tun ranar ko tuwon gidansa na sa baki sai in ture kwanon.

Jikata ta ce akwai doka, dole mai aiki ya ba ma'aikata ruwa ya kare lafiyarsu. Matar maƙwabcin za ta kai ƙara ofishin ƙwadago, amma leburorin suna tsoron shaida, sun ce in na sa baki za su yi magana. Dangi kuma sun ce in na yi, na tona asirin gida.

'Yan uwa, in tsaya wa matar nan ko in yi shiru in ci gaba da cin tuwonsa?