Ranar da Kika Cire Takalmi a Rumfar Zaɓe

Zuwa ga uwargidana, Hauwa'u Kulu,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ki, tare da gaisuwar wanda ya daɗe yana sallama ba a amsa masa ba. Ina fata Allah ya yalwata miki makwanci. Ni dai ina nan Gwadangaji, a ɗakin da ɗanmu Bello ya ware mini kusa da zaure. Ƙafafu sun ƙi, ido ya rage. Yaran suna kula da ni daidai gwargwado, amma da safe kowa ya kama gabansa zuwa cikin Birnin Kebbi, a bar ni da rediyo.

Rediyon ce ta sa ni wannan rubutu. Jiya na ji ana jera sunayen mazaɓu, na kasa kunne har aka gama, ban ji tamu ba. Na san an daɗe da rushe ta. Tun da aka cire mu daga Jihar Sakkwato aka yanka ta, wani yanki aka haɗa da nan, wani da can. Amma kunnen tsoho ba ya daina jira. Da daɗewa na lura cewa waɗanda suka san abin da ya faru a cikinta sun kusa ƙarewa, shi ya sa nake rubuta miki a fili, wanda ya ga dama ya leƙa.

Kin tuna yadda take. Ƙauyukan bakin fadama ne da tungayen masunta, daga wajen Gulma har kusa da Argungu, mutanen shinkafa da albasa da kifi. Kujera ɗaya gare mu a majalisar Ikko. A zamanin Jihar Arewa, ina saurayi, maza kaɗai ke zaɓe. Kowane ɗan takara da akwatinsa a bayan zana, mutum ya shiga ya jefa ya fito. Ku mata aikinku a ranar shi ne dama fura. Sai soja suka zo, aka ɗauke akwatunan, muka daɗe ba mu sake ganinsu ba.

Da aka ce za a mayar da mulki ga farar hula, aka ce har da mata za su zaɓi ɗan majalisa. Dattawan ƙofar masallaci suka yi dariya. Wani ya ce mace ko an kai ta rumfa, abin da mijinta ya ce shi za ta yi. Wani ya ce ba ma za su fito ba, ga damina, ga fadama ta cika. Na kawo miki labarin kina sussukar gero. Ba ki ɗaga kai ba, kika ce, "To, a bari ranar ta zo."

Mutum biyu ne masu ƙarfi a takarar. Ɗaya Umaru ne, ɗan kawuna, taubashina da muka tashi muna tsokanar juna, ya yi arziki da fataucin albasa. Ɗayan tsohon malamin makaranta ne, wanda ya yi alkawarin gina ɗakin haihuwa a namu ƙetaren gulbin, don kada a ƙara ɗaukar mai naƙuda a jirgi zuwa Argungu cikin ambaliya. Kowa ya san inda zuciyar mata ta karkata. Ni kuwa, da yake na yi elementare, Umaru ya naɗa ni wakilinsa a rumfar ƙauyenmu. Ban taɓa tambayar ki ra'ayinki ba, ke ma ba ki faɗa ba.

Ana jibi zaɓe kika daka lalle. Matan unguwa suka taru a tsakar gidanmu kamar za a kai amarya. Kuka cusa hannuwa a zunguru, kuka ƙunsa ƙafafu, washegari kuka maimaita, har ya kama ya yi baƙi wuluk. Na ce miki zaɓe fa ba biki ba ne. Kika ce, "Malam, abin da uwata ba ta gani ba, da hannu fari za ni tarbe shi?" Ashe matan tungaye ma haka suka yi, ba wanda ya aika musu.

Ranar zaɓe ina tsaye a rumfa na hango jirage suna fitowa daga cikin shinkafa, cike da mata, kowace da sabon zane. Masu dariyar ƙofar masallaci suka yi tsit. Kuka yi layi har ya zagaye tsamiyar makaranta, ke ce a gaba.

Malamin zaɓen da aka turo mana daga Birnin Kebbi yaro ne mai hankali, baƙo a ƙasarmu. An ja masa kunne cewa duk wanda ya zo da baƙin babban yatsa, ya riga ya dangwala a wata rumfa, kada a ba shi takarda, in kuwa ya ba shi zai amsa tambaya a gaban alƙali. Kika miƙa hannu, ya duba, ya ja baya. Ya duba na ta bayanki, ya duba na ta bayanta. Duk baƙi. Ya ce ya san lalle ja, amma wannan ba zai iya rantsewa cewa babu tawada a ƙarƙashinsa ba. Ya ce mata su koma gefe, maza su ci gaba.

Na ga abin da zai biyo baya. Matan tungaye dole su koma kafin hadarin yamma ya tayar da ruwa. In suka juya ranar nan hannu wofi, ba za su sake fitowa ba, kuma dattawan nan za su ce ai mun faɗa. Wani daga cikin mutanen Umaru ya matso ya raɗa mini cewa in yi shiru, Allah ne ya kawo mana sauƙi.

Ba ki yi gardama ba, ba ki kuma koma gefe ba. Kika sunkuya a gaban teburin, a gaban hakimai da 'yan doka da surukanki, kika cire takalmi. Kika ɗaga tafin ƙafa, baƙi kamar hannun, kika ce, "Ɗana, diba nan. Da ƙahwa ma munka dangwala?" Ta bayanki ta cire nata. Kafin a ce haka, layin nan duka, har bayan tsamiya, mata ne riƙe da takalma suna nuna ƙafa. Wata tsohuwa daga tunga ta ce in ana so ta ɗaga duka biyun, sai dai a riƙe ta. Dariya ta ɓarke, har shi yaron ya rufe baki da hannu.

Sai ya ce akwai hanya. Zai ba ku takarda, in kun dangwala ya sa muku shaida a tsintsiyar hannu, inda lalle bai kai ba. Amma sai duk wakilan 'yan takara sun yarda, kada gobe wani ya kai ƙara. Wakilin malamin makaranta ya yarda tun ba a rufe baki ba. Saura ni.

Kulu, ba ki roƙe ni ba. Ko kallona ba ki yi ba. Kina tsaye ba takalmi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, kina duban akwatin. Na san ƙafar nan. Ni na ga lokacin da aka ƙunsa ta a tsakar gidana. Na ce na yarda. Wanda ya yi mini raɗa ya tofar da yawu ya fita.

Ke kika fara shiga bayan labulen. Da kika fito kika riƙe tsintsiyar hannun nan kamar an sa miki warwaro, kuma ban da na alwala ba ki bar ruwa ya taɓa wurin ba har ya goge da kansa.

Umaru ya faɗi, kuma ba da nisa ba. Ya ɗauke mini gaisuwa. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wasan da ya daina. In mun haɗu a kasuwar Argungu sai ya ce mini "Malam" kamar baƙo, mutumin da bai taɓa barin hulata ta zauna daidai ba. Kin ga yadda abin ke cina. Ranar nan sai kika yi mini tuwon shinkafa da miyar kifi ba Sallah ba.

Malamin makaranta ya tafi Ikko, ya dawo ya sake cin zaɓe na biyu, a lokacin mata sun fi maza a layi, kuma kowace ta bar babban yatsa ɗaya ba lalle. Bai yi nisa ba soja suka sake karɓa. Ɗakin haihuwar ya tsaya a bango ba rufi, sai da muka yi gayya muka rufe shi da kanmu. A cikinsa aka haifi 'yar Bello ta fari, takwararki.

Da aka zo da zaɓen tsayawa a layi bayan hoton ɗan takara, na ce yau zan ga ɓangarenki. Sai ga ki a bayan hoton da na tsaya. A hanyar gida kika ce, "Kada ka yi murna, Malam. Na yau daban, na ranar nan daban."

Ranar da muka kai ki makwancinki, Umaru ya zo da sanda, ya tsufa. Ya zauna kusa da ni a tabarma. Can ya ce, "Maza sun yi ta neman kada ni da baki sun kasa, matarka ta kada ni da tahin ƙahwa." Ya miƙa hannu ya ture mini hula. A ranar na yi kukan da na riƙe tun asuba. Shi ma ya bi ki bara.

Mazaɓarmu ba ta fitar da minista ba, ba ta samu kwalta ba, yau ko sunanta ba a kira. Amma a cikinta ne matan fadama suka ƙi komawa gida, kuma matata ce a gaba. Wannan ya ishe ni abin faɗa.

Abu ɗaya ya rage. Har kika tafi ba ki gaya mini wanda kika dangwala wa ba. Kowa yana cewa malamin makaranta ne. Wani lokaci da hantsi, in gida ya yi shiru, sai in ce ko Umaru ne, don kada ki kunyata mijinki. Sai in tuna ke ce, in yi dariya ni kaɗai.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka kabarinki, ya gafarta wa Umaru da malamin makaranta da duk matan da suka hau jirgi ranar nan. Allah ya sa in tawa ta zo in cika da imani, ya haɗa mu a Aljanna. In ya haɗa mu, Kulu, ba zan tambaye ki ba. Ƙuri'arki ce.

Naki har kullum,
Malam, baban Bello