Kiɗan da Rabi Ta Shiga

Asabar, 29 ga Mayu, 1999
Soja sun miƙa mulki. Gari sai murna, ni ina shago da ciwon kai. Na dai gama naɗar "Ƙofar Guga". Wata bakwai ina fama da ita, tsakanin gyaran rediyon mutane da ɗauke wuta. Irin kiɗan na'urar nan ne da na koya a Ikko, wanda suke kira haus: bugu ɗaya, dum, dum, ba tsayawa, fiyano a sama, kalangu ƙasa-ƙasa. Babu murya. Haka nake so.

Litinin, 7 ga Yuni
Na kai wa Alhaji Haruna mai kaset a Babbar Kasuwa. Ya saurara tsawon minti uku, ya ce, "Malam Dabo, yaushe za a fara waƙar?" Na ce ai ita ke nan. Ya ce, "Wannan ai injin niƙa ne." Ya karɓi kwalin kaset ɗaya don darajar marigayi babana.

Juma'a, 18 ga Yuni
Kaset huɗu kawai suka fita. An dawo da ɗaya, wai ya lalace, yana ta maimaita wuri guda.

Lahadi, 11 ga Yuli
Babur ɗina na sayar na sayi na'urar kiɗan nan, amma matata Hajara ba ta taɓa goranta mini ba. Da ta goranta ma da ya fi sauƙi. Yau ta janye kwalayen daga lungun ɗaki don buhun gero ya samu wuri. Ta ce sabon ciyaman na neman mai kula da lasifika. "Maigida, ka tahi ka gani mana." Na ce to.

Laraba, 4 ga Agusta
Ban je ba. Ban kuma kunna komai ba.

Asabar, 21 ga Agusta
An kira ni gyaran lasifika gidan biki a Kambarawa. Ina tsugune da waya a hannu sai na ji kiɗana. Nawa, har da ɗan kuskuren da ni kaɗai na san wurinsa. Amma da muryar mace a kai! Mata sun cika fili, har tsofaffi. Wai Rabi zabiya ce ta sayi ɗaya cikin ukun nan, ta sa aka naɗi waƙarta a kai. Wai kuma sabon kaset ɗin ba ya kwana a shagon Alhaji Haruna. Babu sunana a jiki.

Ashe ita ma tana gidan bikin, na tare ta a zaure da maganar. Ko gezau. "Malam, mi ya yi zafi? Kiɗinka gida ne mai kyau, ba kowa ciki, na shiga."

Na koma kan lasifikar, maganarta na yi mini yawo a kai. Har yanzu.

Alhamis, 9 ga Satumba
Na sayi kaset ɗin, don in san iyakar ɓarnar da ta yi. Sau shida na ji. A baiti na biyu numfashinta na yankewa, don bugun ya yi mata sauri. Laifinta ne. Kodayake…

Yau na soma wani sabon kiɗa. Na sassauta shi kaɗan, na bar gibi a tsakiya, ba don kowa ba. Hajara ta leƙo da tsintsiya a hannu, ta ce, "Nan wurin mi za a sa?" Na ce ban sani ba tukuna.

An ce gidan Rabi na bayan masallacin Kambarawa, mai koren ƙyaure.