Abin da Kawu Clovis Ya Faɗa wa Ƙarfe

Zuwa ga 'yata Odile,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Kada ki tayar da hankalinki, ƙafa ce kawai ta karye, ina asibiti a nan Houma.

Guguwar nan ta rufto min da rufin ɗakin girki ina tsakiyar dafa miyar gumbo. Katako ya danne ni, ga warin gas ko'ina, 'yan kwana-kwana suka ce ba mai shiga. Sai ga irin mutum-mutumin nan da kuke sarrafawa daga nesa, wanda nake ce miki wasan yara ne. Ya durƙusa ya tallafe katakon da kafaɗa, ya ce da wata murya kamar daga cikin gwangwani, "Tsoho, yi ta magana, kada ka yi barci."

Na ce, "Ubanka ne tsoho."

Da na ga kamar tafiya ta zo, na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ai ƙarfe ba ya tsegumi. Daga baya ya janye ni waje kamar buhun shinkafa. In kin san wanda ya tuƙa shi, ki gode masa, amma ki ce ya koyi ladabi.

Ki huta lafiya.
Kawunki, Clovis Naquin

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi. Muna can kudu muna ciro mutane daga ruwa, shi ya sa ban leƙo ba.

Kawu, ni ce. Ni na tuƙa shi. Na ga fuskarka a allo, ga katakon a kafaɗar mutum-mutumin. Da na kira ka Kawu da kuka zan fashe, gara ka yi ta zagina.

Sai dai akwai magana. Duk abin da mutum-mutumin ya ji, a lasifikar tantinmu yake fita. Mun ji cewa tun rasuwar mijin maƙwabciyarka Eulalie kake sonta, kuma kai kake ɓata famfonta don ta kira ka gyara. Injiniyoyi sun ji, direban motar asibiti ya ji. Eulalie ce ta kawo rahoton ba a gan ka ba, kuma tana tsaye a bayana riƙe da kafaɗata.

Ta dai nemi kujera.

Taka har kullum,
Odile

*

Odile, ja'ira,

Gaisuwa. Eulalie ta zo jiya. Ta ce ta daɗe da sanin zancen famfo, jira kawai take ta ga iya wautata.

An sa rana bayan an cire min filasta. Ke za ki riƙe ni zuwa gaban coci, da hannunki na gaske.

Kawunki