Ba Kai Na Guje Wa Ba

Zuwa ga Yaya Filimon, sanyin idona, ruwan farko da ke sauka kan yashin gonarmu, inuwar gawo da rana tsaka! Gaisuwa mai yawa kamar hatsi a rumbu.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Bakina ba ya iya magana in na gan ka, shi ya sa hannu ya karɓa.

Ka tuna ran kasuwar Kanan-Bakashe da ka shigar da ni rumfar bidiyon Bube? Ka share mani benci da hularka. Wayyo, zuciyata ta fi gurup, injin wutar Bube, ƙara! Sai ga masu shan jinin nan a tele, fuska fari fat kamar an shafa toka, haƙora kamar ƙayar aduwa. Na daure. Amma da wata ya fito a fim ɗin, mutumin nan ya fara rikiɗa, bayansa na tsagewa, gashi na tsirowa, ya koma ba kare ba, ba kura ba, ban san sadda na kai bakin rijiya ba. Takalmina ɗaya ma can na baro shi.

Yaya, ba kai na guje wa ba! Shuka tana gudun hadari ne?

Tun ran nan ba ka gaishe ni ba. Ran Lahadi a majami'a ka dubi bango, ka dubi mai ganga, ni ko oho. An ce da Rut kake zuwa kallo yanzu, wai ita dariya take in ana tsotse jinin mutum. Ni fa? In ɗora tukunya in manta wuta. In fara daka, in aje taɓarya, in leƙa hanya, in dawo. Inna ta ce ko masassara ce. Wace masassara ce ke tashi don an ji ƙararrawar keken mutum ɗaya?

To ka ji abin da nake yi. Kullum da safe nakan tsaya wurin Garba mahauci har ya yanka akuya, idona buɗe, don in saba da ganin jini. Jiya ko kai ban kau da ba. Sai da na zo bayan dangarmu na zauna daɓas a ƙasa.

Don Allah, tauraron asubata, kasuwa mai zuwa ka zo ka tafi da ni. Ka zaɓi fim ɗin da ya fi muni. In ka ga na firgita kada ka yi dariya, ka dai taka mani bakin zane don kada in tashi.

Taka ce ni, da tsorona da komai, har ƙarshen raina.

Dorkas