Kuregen da Yat Tahi Kudu

Asabar, 3 ga watan Cika-ciki, 1405

Gero ya ƙone tsaye. Shekara ta biyu ke nan a Gangara. Kalilu ɗana ya sake tado maganar kwashe iyali zuwa kudu. Na ce a'a. Ina da rai ba a kulle gidan ubana. Jakina da yas sayar bai shawarce ni ba, ban manta ba.

Talata, 6 ga wata

Da hantsi na ji Larai matar Kalilu tana yi wa jikokina tatsuniya. Da rana ƙiri-ƙiri! Mu da munka tashi, wanda yay yi tatsuniya da rana ɓata shika yi a daji. Kuma ta Innata ce, ta kurege biyu a shekarar yunwa. Wan ya zauna raminai har ruwa yas sauka. Ƙanen ya tahi kudu, kura ta cinye shi. Haka take.

Amma a bakin Larai, wai ƙanen ya dawo da buhun gero bisa mota. Kurege cikin mota! Na ce wa ya koya miki wagga ƙarya? Tac ce, "Baba, a rediyo anka yi ta." To rediyon ya san Innata?

Laraba, 7 ga wata

Na gane. Ba yara Larai ka yi wa tatsuniya ba, ni taka yi wa.

Jumu'a, 9 ga wata

Daren cika-ciki. Kunun dussa munka sha. Habi, ƙaramar jikata, ta lashe ludayi ta ce ta ƙoshi. Ƙarya take, don ni ta faɗa.

Bayan magariba na tara jikokina, na ba su tatsuniyar ta gaskiya, da kurarta da komi. Namiji da hurhura yana tatsuniya kamar tsohuwa. Ɗanmusa maƙwabci ya leƙo ta darni: "Na'Allah, sai ɗaurin zane ya rage maka!" Shi da ya ci irin shukarshi tun bara. Habi ta yi ta kuka. Ba laihina ba ne, ba ni na aiki kura ba.

Litinin, 12 ga wata

Za ni Unguwar Lalle wurin Yaya Tani. Ban da ni, ita kaɗai ta rage da ta ji tatsuniyar daga bakin Inna. In ta shaida, magana ta ƙare, ba inda za a.

Talata, 13 ga wata

Da ban tahi ba.

Tani ta yi dariya har da tari. Wai Inna iri biyu taka yin ta. Ni anka ba tatsuniya mai kura don ina yaro ban zama gida, kullum ina bin shanun Hillani. Su mata kuwa, in za a kai su ɗakin miji nesa, ƙanen samun tabki shika yi da rumbu cike. "Kai dai an ɗaure ka da tatsuniya, Na'Allah, har ka tsuhwa ba ka kwance ba."

Tani ta rikice. Tsuhwa ce.

Amma ta tuna waƙar da kura ka yi cikin tatsuniyar, ba ta ɓata ko baƙi guda ba.

Alhamis, 15 ga wata

Wuyan hannun Habi ya yi kamar sillen kara.

Lahadi, 18 ga wata

Na raka Kalilu da iyalinai tashar Sabon Birni, za su kudu. Ba wai na yarda ba. Cin rani ne, kowa na yi, kuma ni ina nan, gida bai kulle ba.

Habi ta riƙe min riga: "Kaka, kura za ta cinye mu?" Larai ta kau da kai, tana jira ta ji.

Na ce kurar nan tun zamanin Innata take, yanzu ko haƙori guda ba ta da.

Ban sauya komi ba. Ai kura ma tana tsuhwa.