Ramin Tagar Sama

Asabar, 14 ga Disamba
Wa ya ce Riyadh ba ta sanyi? Ɗakinmu na saman bene a unguwar Badi'a ya zama firij. 'Yarmu Ikilima sai tari, sai da na ba ta abin shaƙa kafin in tafi aiki asibiti. Abbanta Ghali ya ce laifin tagar sama ne, dogon ramin nan da ya tashi daga silin zuwa gilashin rufi, bangonsa siminti tsirara. Wai duk ɗumin hita ta nan yake gudu. Na ce a toshe da katako a huta. Ya ce a'a, ita kaɗai ke kawo wa falo haske, zai manna soso mai tauri a bangon ramin. Tun da kamfaninsu ya sallame su yake zaman jiran sabon kafili da zai ɗauke shi aiki, komai na gidan nan ya koma aikin injiniya.

Talata, 17 ga Disamba
Mai gidan hayar ya ce bukra, wato gobe, zai turo ma'aikaci. Na san bukransa.

Juma'a, 20 ga Disamba
Falo ya cika da soso. Ɓurɓushi a shinkafa, ɓurɓushi a gashin yarinya. Ghali ya auna, ya yanka, ya sake aunawa. Ni dai Allah ya gani.

Litinin, 23 ga Disamba
Na dawo daga aiki ƙafafuna kamar ba nawa ba, na tarar soson ya ɓallo gaba ɗaya. Bangon da danshi, gam bai kama ba. Ikilima na kan kujera cikin bargo, ƙirjinta na ƙara. Ban san sanda na ce masa, "Da irin nacin nan kake neman aiki, da tuni ka samu" ba. A gabanta. Ya naɗe tsani ya kai baranda. Can ta tambaye ni da Larabcinta ko Baba ya yi fushi. Na ce ta sha maganinta.

Alhamis, 26 ga Disamba
Na cusa tsohon bargo a bakin ramin da sandar mofa. Falo kamar kabari, sanyin na nan, ga ruwa na ɗiga. Gaisuwa kawai ke haɗa ni da Ghali. Da safe na ga ya goge takalminsa ya fita, da azahar ya dawo, ban tambaya ba.

Asabar, 28 ga Disamba
Na roƙi abokiyar aikina Maimunat ta karɓar min aikin yau. Ciwon kai na ce mata.
Na ciro bargon, na ɗauko tsanin da kaina na kafa. Ya daɗe yana kallona kafin ya tashi. Ya busar da bangon da na'urar busar da gashina, ya hau, na riƙe masa.
"Miƙo min tef, Zaituna."
Na miƙa. Har la'asar muna sake manna soson, wuyana ya ƙage. Yanzu Ikilima na zane a ƙarƙashin tagar, ba ko rigar sanyi.
Gefe ɗaya ya ɗan karkace. Ban faɗa masa ba.